Abin da Ƙugin Mota Ya Rufe

A gareji Kunne ake kiransa, don shi ba ya buɗe bonet kafin ya faɗi ciwon mota. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Bel ne." A duba, bel ɗin ne. Amma tasa motar, in ta tashi, sai ka rantse injin niƙa aka kunna. Shekara goma sha tara yana sauke matarsa a shagon ɗinkinta kowace safiya, hira sai da ihu. Da yamma ya dawo a gajiye, ya ci, ya ɓingire da minshari.

Babban ɗansu, mai aikin wayarin ɗin mota, shi ya gaji da abin. Ya liƙa ƙananan makirfo a rufin motar, ya haɗa su da sifika.

"Baba, su za su saurari ƙugin inji, sifika ta fitar da wata ƙara ta tare shi, su kashe juna."

"Wato ƙara ta cinye ƙara? Ni da kunne nake cin abinci, kai ka zo ka toshe."

Washegari motar ta yi tsit, har yana jin tsakuwa ƙarƙashin taya. Suna tsaye a danja ya ji wani siririn fito. Ya kai kunne wajen sitiyari, babu. Ya saurari gilas, babu. Ya waiwaya. Daga ƙirjin matarsa yake fita, duk sanda ta ja numfashi.

"Tun yaushe?"

"Malam, an ba mu hannu, tuƙa."

"Na ce tun yaushe?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta zama tari. "Ya fi shekara. Motar nan tana rufa min asiri, ɗanka ya zo ya tona."

Bai tsaya shago ba, asibiti ya wuce. Likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjin, sannan ya ce, "Da kun zo bara..." Bai ƙarasa ba. Kunne ya san irin wannan magana. Shi ma haka yake gaya wa masu mota in inji ya riga ya buga.

Wata huɗu ta ƙara a duniya.

Bayan 'yan ta'aziyya sun watse ya koma aiki. Sai dai motar ta gagare shi. Shirun da ke kujerar gefe ya fi kowane ƙugi hawa masa kai. Rana ta uku ya tsaya ƙofar shagon ɗan.

"Cire min abin nan."

"Baba, ba don shi ba ai da ko wata huɗun..."

"Na sani. Allah ya yi maka albarka. Cire."

Ɗan ya sunkuya ya zare fis, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ƙugi ya dawo ya cika motar. Kunne ya bi tsohuwar hanya, idonsa a titi, bai waiwaya gefe ba. Dab da shagon ɗinkin ya rage gudu, ya ɗaga murya kamar kullum.

"Me kika ce? Ban ji ki ba!"