Bindigar Anti Shiru

Ranar da aka sake buɗe makarantar, bayan wata bakwai tana rufe saboda annoba, ba a buɗe laburare ba. An ce littafi hannu da hannu yake yawo, cutar ma haka. Sai aka ɗauko mai kula da laburaren, wadda yara ke kira Anti Shiru don ba su san ta da wata kalma ba sai wannan, aka tsayar da ita a bakin get da na'urar auna zafin jiki. Yara suka sa wa na'urar suna bindiga. Kowa ya zo ya miƙa goshi, ta ɗana masa, ya wanke hannu a bokiti mai famfo, ya gyara takunkumin fuskarsa ya wuce.

A rana ta uku ne ta lura da abin. Yaron da ya shigo a guje yana haki, talatin da shida da rabi. Yarinyar da aka sauke daga mota mai sanyi, talatin da shida da rabi. Da layi ya ƙare, ta juya wajen mai gadi, wani dattijo da ke zaune a benci yana hura shayinsa.

"Baba, ɗan miƙo kofin nan."

"Yau kuma shayina ne ba shi da lafiya?"

Ta ɗana wa kofin, tururi na tashi daga cikinsa. Talatin da shida da rabi. Ta gwada bango, ta gwada ƙarfen get ɗin da rana ta fara gasawa. Lambar ba ta motsa ba. Dariyar mai gadi ta tsaya. Ya ajiye kofin, ya ja takunkuminsa daga haɓa ya rufe hanci.

Ta wuce ofishin shugabar makaranta. Fanka a kashe, tagogi a rufe, shugabar na sanye da rigar sanyi a wannan zafi, takunkuminta ya jiƙe ya manne mata a baki.

"Ranki ya daɗe, na'urar nan ta lalace. Kwana uku muna shigar da yara ba tare da mun auna kowa ba."

Shugabar ba ta yi mamaki ba. Ta ɗago kai a hankali, idanunta jajur.

"Zo ki auna ni."

Anti Shiru ta matsa. Tun kafin ta danna take jin hucin jikin matar a yatsunta.

"Nawa?"

"Talatin da shida da rabi."

"To kin gani, lafiyata ƙalau." Ta yi tari a cikin gwiwar hannunta, tarin ya daɗe bai sake ta ba. "Ki saurare ni. Saura kwana goma sha ɗaya 'yan ajin ƙarshe su fara jarrabawa. Bara ba su rubuta ba. Idan aka rubuta mutum ɗaya mai zazzaɓi a rajistar get, rufe mu za a yi. Akwai 'yan mata a ajin nan da in suka koma gida yanzu, sun bar karatu ke nan. Kwana goma sha ɗaya kawai nake roƙonki."

Anti Shiru ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Da mahaifinta take zaune, tsoho mai ciwon suga, da ƙanwarta. Ta wanke hannu har sau uku kafin ta miƙa masa maganinsa. Ya ce, "Ke kuwa fatar za ki cire?" Ta yi murmushin da bai kai ciki ba.

Washegari ta sake tsayawa a get, tana ɗana wa yara na'urar da ta san ba ta aiki. Ta fara kallon idanunsu maimakon lambar. Ta ƙirga guda biyar da idonsu ya yi ja, ta bar su suka wuce. Motar shugabar ba ta zo ba ranar. Mataimakinta ya ce ta ɗan yi tafiya, amma ya faɗa yana kallon takalminsa. Da aka fito tara, daga bakin get tana jiyo tari daga azuzuwa biyu, wannan ya yi wancan ya amsa.

A rana ta biyar mai gadi bai iya tashi ya buɗe get ba. Yana zaune a bencinsa, ya dafe ƙirji, yana jan numfashi da baki. Anti Shiru ta ajiye na'urar a ƙasa, ta zaro wayarta, ta kira lambar ma'aikatan lafiya da ke manne a jikin bango.

Kafin sha biyu ma'aikatan lafiya sun iso da fararen kaya, sun tafi da mai gadi, sun sa kwaɗo a get. A bakinsu ta ji cewa shugabar tana asibiti tun jiya da robar iska a hanci. Wata uwa da ta zo ɗaukar 'yarta ta nuna Anti Shiru da yatsa ta ce, "Da kin yi shirun da kika saba." Wani uba kuma ya tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta faɗa masa gaskiya. Ya ja hannun ɗansa ya tafi.

Aka ɗauki samfurinta don gwaji, aka ce ta killace kanta sai sakamako ya fito. Ta shiga ɗakin ajiyar kaya, ta shimfiɗa katifa tsakanin akwatuna. Ƙanwarta ke ajiye mata abinci a bakin ƙofa.

Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, ta jiyo mahaifinta daga falo yana yi wa ƙanwarta faɗa.

"Wai ke gishirin ne ya ƙare a gidan nan? Miya kamar ruwa, ko ƙamshi ba ta yi."

"Abba, wallahi na saka. Har ya so ya yi yawa."

"Ni za ki faɗa wa? Zo ki ɗanɗana."

Anti Shiru ta san rashin jin ɗanɗano da ƙamshi alamar cutar ce. Ta miƙe ta kama hannun ƙofa, ta tuna ba ta da halin fita. Ta ɗaga murya ta cikin katakon, ta ce wa ƙanwarta kada ta taɓa cokalinsa.