Zawarawan Zuliha a Shekarar Tashin Gari

Auren Zuliha na fari bai ga damina biyu ba ya mutu. Babu wanda ya ɗora mata laifi, ita ta ɗora wa kanta. Kullum sai ta tuna yadda Inna ta sunkuyar da kai ranar da aka dawo da kwanukanta. Ta ƙudura cewa in za ta sake, sai da wanda ba ya tsammanin komai a wurinta, don kada ta ƙara ba kowa kunya.

Shi ya sa ta saki fuska ga Gidaɗo, dattijo mai saƙar taru, wanda kan zo zance ya ɓuge da gyangyaɗi a kan tabarma. Illo mai jirgin fito kuwa, da ta hango shi sai ta shige bayan rumbu, domin in ya buɗe baki dariya ke kama ta har ta manta abin da aka aike ta.

Shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ruwa ya yi ta hawa, aka ce mutanen tsibirinsu su koma sabon gari kusa da Wara. Ranar kwashe kaya duk jirage suka cika, na Illo kaɗai ya rage, ga shi ya ɗaura masa sabon inji.

"Shigo mana," in ji Illo, "ko ruwan kike jira ya kai ki?"

Ta shiga ta zauna kan turmin Inna, rungume da kaza. Ya ja igiyar inji, jirgi ya zabura, kallabinta ya tashi sama. Ta kurma ihu, ihun ya koma dariya, kaza na kuka, ruwa na fesa mata a fuska. Ba ta taɓa gudu irin wannan ba. Kanta ya yi ta juyawa, bakinta ya kuɓuce mata.

"Illo! Ni fa ban iya aure ba!"

Ya kashe inji. "Mi kika ce?"

"Na ce ban iya ba. Na gwada, na ɓata. Kai ma zan ɓata maka."

"To wa ya ce miki ni na iya? Ki zo mu ɓata tare."

Ta rufe fuska da zane, tana dariya. Ya ja igiya don su ci gaba, inji ya ƙi. Ya sake ja, ya ƙi. Dole suka ɗauki filafilai, suna tuƙi suna ƙyaƙyatawa, jirgin na karkacewa tsakanin kawunan giginyu da ruwa ya shanye.

Inna na tsaye a gaɓa. Ta dubi ɗiyarta, kai babu kallabi, jiƙe sharkaf, ta ce, "Rabona da ganin haƙoranki tun bara waccan. Ina turmina?"

Washegari Zuliha ta je wurin Gidaɗo da ƙafarta. Ta durƙusa ta faɗa masa Illo za ta aura. Ya ci gaba da saƙar tarunsa.

"Allah ya sa alheri," ya ce a hankali.

Maganar ta soke ta, ta fito tana share hawaye. Amma kafin ta kai layin sababbin gidajen masu rufin kwano, ta ji ƙarar injin Illo daga bakin ruwa, ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Ta tattare zane ta ruga da gudu.