Baturan Mamuda

Shekara goma sha tara ina cajin batir a Dutsin-Ma, ban taɓa kashe kayan mutum da bakina ba sai a kan Mamuda.

Mamuda Bafillacen Barkiya ne. Ɓarayin daji sun kore garkensu kaf, sai saniya da karsana da suka yi saura don ranar suna gida. Ya sayar da su a kasuwar Kurfi, gwaggonsa da ta rene shi, wadda kowa ke kira Gogo, tana kuka tana cewa wanda ya rabu da kofato ya rabu da asali. Ya sayi tsohon kwalekwale a dam ɗin Zobe, da ƙaramar firiza, da sola, da batura biyu masu ruwa. Dabararsa ya bi masunta cikin dam ya sayi kifi, ya sanyaya, ya kai Kurfi ɗanye. Ya rantse wa Gogo kafin shekara biyu zai ɗaure mata wata karsanar.

Ni na haɗa masa kayan a bakin ruwa ta wajen Makera. Na koya masa ya riƙa buɗe murafun baturan duk Juma'a, in ruwa ya sauka ya ƙara ruwan batir na kwalba har ya rufe dalmar ciki, kada ya kuskura ya zuba na dam. Kada ya bar firiza ta shanye su ƙarƙaf. Na ce masa in suna caji ya ga ruwan yana ɗan tafasa, to lafiyarsu ƙalau. Wallahi ban taɓa ganin mai kula da batir irinsa ba. Rumfar zana ya yi musu don rana, yana shafa su da safe kamar zai yi tatsa. Har tsokanarsa nake, ina tambayar wacce ce ke da ciki.

Da damina ta kankama, rana ta yi wuya, batura suka soma kasala. Na je na tarar kawunansu sun yi fari fat da tsatsa. Na jiƙa kanwa na wanke, na ɗaure wayoyi, firiza ta tashi. Mamuda yana tsugune yana kallo. Ya tambaye ni ko kanwa ce ta yi wannan aikin, ni kuma ina saurin in kama mota, na ce ita ce mana. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Makiyayi in dabbarsa ta rame, kanwa yake ba ta. Ba ya shafa mata a ƙaho.

Bayan sati uku sai ga shi bakin shagona da batura biyu a bayan babur, rigarsa duk ta huhhuje. Kifin da zai kai kasuwa ya ruɓe, ya juye shi a dam. Ya ce hadari ya yi kwana huɗu, ya ga sun sake raunana, sai ya jiƙa jar kanwa mai kyau, irin wadda yake ba shanu, ya ɗura wa kowane rami. Suka yi ta kumfa har tana zubowa, shi kuwa ya yi ta godiya ga Allah, don na ce masa tafasa lafiya ce.

Kowace mace a garin nan ta san kanwa ke kashe tsami, batir kuwa da tsaminsa yake rayuwa. Na zubar da ruwan, na ɗauraye, na zuba sabon asid, na jona su a caji tun hantsi har la'asar. Mita ba ta nuna abin kirki ba. Shi yana zaune kan benci, ko ruwa ya ƙi sha.

Na faɗa masa sun mutu.

"Malam Sirajuddeen, duka biyun?"

"Duka."

"Ba abin da za a hidda? Saniya ko ta hwaɗi, in an yi hanzari da wuƙa, a samu nama."

Na ce sai dai 'yan gwangwan su saya don dalmar ciki, abin da za su bayar kuwa ko akuya ba zai kawo ba. Na ce laifina ne. Ya girgiza kai ya ce ƙaddara ce, ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya miƙe ya tsaya kan baturan, ya sa gefen rigarsa ya goge musu ƙura.

"Bari su kwana biyu nan, Malam. Gogo kullum sai ta tambaye ni ya dabbobin, haka take kiransu. Jiya ma na ce mata sun sha kanwa."