Ƙahon da Attahir ya mayar cikin zabira

Wata uku ke nan da Zuhura ta dawo Kalfu daga Yamai, inda aka yi mata aikin kansar nono, aka cire na hagu haɗe da 'yan kaluluwar hammata. Ɗiyarta Haula ce ta yi jinyarta, kuma ita lokotoro, wato likita, ya yi wa gargaɗi: hannun nan na hagu kada ya ji rauni, kada a matse shi, a riƙa shafa masa mai ana motsa shi. In ya yi nauyi a zo da sauri, don kumburin in ya zauna da wuya ya tafi.

Sai ga sunan jikan Talle, yayar Zuhura. Kunyar zama ta sa Zuhura ta kama taɓarya wuni guda. Kwana biyu, hannun ya yi nauyi, munduwar azurfarta ta fara nutsewa cikin fata.

"Mataccen jini na," in ji Talle. "Ƙaho ɗai ka fidda shi." Ta aika aka kira Attahir wanzami, taubashin Zuhura.

Da hantsi ya iso, ya baje zabirarsa kan tabarma. "Mutan Yamai! An sha allurar birni, an komo ga ƙahon talakawa?"

"Rufa mini baki, tsoho," Zuhura ta ce, tana miƙa hannun. "Hannunka dai kar ya yi makyarkyata."

Haula na tsaye jikin zana. Tun da take ba ta taɓa musa wa Talle ba. Ta ga Attahir ya goga aska a tafin hannunsa, maganar ta kuɓuce mata a hankali.

"Baba Attahir, lokotoro ya ce ko ƙaya kar ta soki hannun ga."

"Ji 'yar boko!" Talle ta tafa hannu. "Wa yac cire miki belu in ba askar ga ba?"

Attahir bai yi dariya ba. Ya ajiye askar, ya ce Zuhura ta jera hannuwanta biyu. Ya daɗe yana dubawa, ya danna babban yatsa a na hagun, gurbin ya tsaya kamar a curin tuwo.

"Can hammata anka yi aikin?"

Haula ta gyaɗa kai.

"Shekara tara ke nan da na yi wa wata mata ƙaho a Takanamat, irin hannun ga," ya ce. "Ruwa yaf fito, ba jini ba. Tsagar ta ƙi warkewa, hannun ya koma kamar turmi. Har yau ɗiyanta ka ɗaura mata zane. Ban sani ba lokacin. Yanzu na sani."

"To zuwan mi ka yi?" in ji Talle.

"Zuwan wagga." Ya ɗauko ɗan ƙarfe daga zabira, ya sa tsumma tsakanin munduwar da fata, ya buɗe bakinta sannu-sannu har ta fita ba ko ƙwarzane. Ya tura matashi ƙarƙashin hannun ya ɗaga shi sama, sannan ya mayar da ƙahon cikin zabira ya ɗaure.

"Motar Tawa ba ta tashi ba tukuna," ya ce wa Haula. "Ɗauko mayafin uwarki."

Da la'asar, ma'aikaciyar jinya a asibitin Tawa ta auna hannuwan biyu, ta naɗe na hagun da bandeji mai roba, ta ce sun zo a kan kari. Ta juya hannun tana neman tsaga, ba ta samu ba.