Lambar da Aka Ba Tsohon Kafinta

Babban ɗan kafinta ya kawo wa ubansa wata lamba, rubuce a kan guntun katako: 99,799,811.

"Baba, malaman jami'a sun rasa abin da zai raba ta ba saura. Na ce musu in akwai mai iyawa, kai ne."

A lokacin hannun tsohon ya fara rawa, amma kullum yana shago, zarto a hannu. Ya dubi lambar. Ya yi shekaru yana raba katako ba ya barin ɓarna, lamba ce za ta gagare shi? Ya zauna a gida.

Lambar mara ce, biyu ba ta shiga. Ba ta ƙare da biyar ba. Ya haɗa lambobinta suka ba shi hamsin da uku, uku ma ta fita. Daga nan sai aikin hannu: bakwai, sha ɗaya, sha uku, da fensir a bayan katako. Kowace ya gwada sai ta bar saura. Guntaye suka taru a bakin ƙofa har surukarsa ta fara hura wuta da su.

"Malam Farfesa, abinci zai huce," in ji ta.

"Ajiye."

Watanni suka shuɗe. Ɗan kan leƙo da yamma ya ce, "Baba, ana kai? Suna ta tambaya fa."

Wata safiya 9,973 ta shiga cif, sau 10,007, ba saura. Ya sake lissafin, bai canza ba. Ya sa hula, ya ɗauki katakon, ya nufi shago bai gaya wa kowa ba.

Teburin aikinsa ba ya nan. Wani inji ne a wurin, yana ta ihu. An cire ƙusoshin da yake rataye zartunansa, an shafe bangon da fenti. Ƙanin surukarsa ne a kan injin. Ya kashe, ya karɓi katakon, ya kwashe da dariya.

"Au, har ka gama, Baba? Ai Yaya cewa ya yi za ta kai ka baɗi! A gabana ya ninka biyun nan a waya."

Ɗan ya fito daga ciki, dusar katako a gashinsa. Da ya ga uban sai ya tsaya cik.

"Wace jami'a ce?" tsohon ya tambaya.

"Baba, hannunka ne. Tsoro na ji zarto ya…"

"Wace jami'a?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ci gaba:

"Da ka ce min na tsufa, da na zage ka, ya wuce. Sai ka ba ni abin wasa kamar jinjiri."

Ɗan ya jawo kujerar roba, ya goge ta da rigarsa, ya ajiye daidai inda teburin yake a da.

"Don Allah zauna, Baba, in yi maka bayani."

Tsohon ya dubi kujerar.

"Ba zan zauna ba."