Ban Ruwan Zinare a Lambun Maiwada

Duk Danja ba wanda ya kai Maiwada sanin zinare. Shi da kansa ya faɗa, kuma ya faɗa sau ba adadi, don haka magana ta zauna. Da ƙuruciya ya taɓa yin rani ɗaya a wajen masu haƙa, ya riƙe ƙwarya ya wanke ƙasa, ya dawo gida da tari da ilimi guda: zinare nauyi gare shi, ƙasa yake kwantawa, ruwa kuwa zubarwa ake yi.

Abin da yake ci da shi dai lambun tumatir ne da ya gada a bakin fadama. Ba shi da wata gonar. A wannan ranin tumatirin ya yi kyan da har maƙwabta suka fara gaishe shi da fara'ar dole.

Ana nan sai ga Azeez, ɗan wani Bayarabe mai shagon ƙarafa a Funtuwa, haifaffen garin, wanda ya yi karatun harhaɗa sinadarai. Yana neman fili a saman lambun ya kafa tanki. Zai kawo ƙasar da masu haƙa suka wanke suka zubar, ya ciro ɗan zinaren da ya rage a ciki, mai fili, wato Maiwada, ya samu kasonsa.

"Baba, ga yadda abin yake," in ji Azeez. "Za mu jiƙa ƙasar da ruwan magani. Maganin zai narkar da zinaren ya shige cikin ruwa, kamar sukari a shayi. Sai mu tace ruwan, mu kaɗa shi da wani mai. Man zai janye zinaren ya taso sama, mu yaɗe shi, daga cikinsa mu fitar da abinmu."

"Zinare ya narke," in ji Maiwada. "Ya kuma taso sama."

"Ƙwarai, Baba. Amma don Allah kada kowa ya taɓa ruwan nan. Guba ne, ko akuya kada ta matso."

Maiwada ya gyaɗa kai, ya ce madalla. A ransa kuwa cewa ya yi kai, yaran zamani! Wato shi za a yi wa karatu? Zinaren da ya gani da idonsa kwance a gindin ƙwarya, yau shi ne ya koyi iyo? Ai zancen a fili yake. Yaron so yake ya tsorata shi da guba, ya ba shi kasonsa daga kumfar mai, sannan ya kwashe na ainihi da ke kwance a gindin tanki.

Ya kai wa matarsa Ladidi wannan bincike tana tsintar wake.

"Malam, yaron nan fa makarantar abin ya yi," ta ce.

"Ni kuma ramin na shiga."

"To, Allah ya ba mai rami sa'a."

Aka kafa tanki, aka kawo ƙasa, aka jiƙa. Ruwan ya yi ta canza launi har ya koma rawaya, Azeez na leƙawa yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ranar Juma'a ya ce gobe za a kaɗa da mai, ya hau babur ya tafi Funtuwa ɗauko jarkokin man, zai yi salla a can.

Maiwada ya bari ƙarar babur ta ɓace. Ya ɗauko ƙwarya. Kafin a kai ga gindin tanki dole a zubar da ruwa, wannan ko jariri ya sani. Amma fa shi manomin rani ne, ɗan manomin rani, kuma a gidansu ba a taɓa zubar da ruwa a banza cikin watan zafi ba. Tanki guda cike, ga lambu a gangare yana jiran ban ruwa? Haba! Ya ja tiyo, ya buɗe bakin kowane fangali da fartanya yadda ya saba, ya bi ruwan layi layi har ya tabbata ba gindin tumatirin da aka yi wa rowa. Har ya yaba wa kansa, ga zinare ga hutun jan ruwa.

Daga nan ya kwashi laka ya zauna wanki. Ya juya ƙwarya, ya tsiyaye, ya duba. Yashi. Ya sake. Yashi. Hannunsa ya fara raɗaɗi, fata na saɓulewa, ya ce zafin arziki ne.

Bayan la'asar Azeez ya dawo da jarkoki. Ya leƙa tanki, ya bi tiyo da ido har cikin lambu, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Baba, ina ruwan?"

"Bar zancen ruwa. Ina ka ɓoye zinaren?"

Azeez ya nuna lambun da hannu. "Ga shi can. Duka. Ka shayar da tumatir."

Sai lokacin Maiwada ya waiwaya. Ganyen da ya bari tsaye da hantsi duk ya langaɓe, ya yi baƙi daga gefe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Tsoro na gaske ya kama shi.

"Zai farfaɗo in an ba shi ruwan kirki?"

"Ba zai farfaɗo ba. Ƙasar ma ban san shekarar da za ta sake karɓar shuka ba."

Kafin kasuwa ta zagayo lambun ya zama karmami. Damina ta zo ta wuce, ko ciyawa ba ta leƙo ba. Mutanen gari, da yake ba su da mugunta, suka riƙa kawo baƙi suna nuna musu gonar da ta fi kowacce tsada a Danja.

Wata ranar kasuwa Ladidi ta ɗauki ƙwaryar nan za ta fita. Maiwada na zaune a ƙofa ba aikin yi, ya tambaye ta ina za ta da ita.

"Gidan maƙwabcinmu Mannir," ta ce. "Zan roƙo tumatirin miya."