Katin Yaya

Auta ta rasu ranar Talata. Na iso ranar Asabar, an riga an share ɗakinta.

Ƙanwata ce, mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Ta bar yarinya ɗaya 'yar shekara shida, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta. Uban yarinyar ya riga uwar rasuwa da shekara uku. Wata biyu kafin ciwo ya kwantar da Auta, ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, in abin ya zo, ki tafi da Tsigi wurinki. Idon Inna ya yi rauni, kin sani." Na ce ta daina irin wannan magana. Ta ce ba hira ta kira mu yi ba, in ce to kawai. Na ce to.

Hutun mako uku aka ba ni a wurin aiki. Ofishin jakadancin ƙasar da nake zaune ya ba ni jerin takardun da zan kawo kafin a bar yarinyar ta bi ni. Takwas ne. Na haɗa bakwai cikin kwana huɗu. Ta takwas ita ce takardar shaidar rasuwar uwa.

Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa yana hawa na biyu, bayan wani dogon baranda. Benci biyu ne a ciki, masu jarirai a ɗaya, mu da aka yi wa rasuwa a ɗaya. Da layi ya zo kaina, mai rajistar ya tambaya ko a gida ta rasu ko a asibiti. Na ce a asibiti.

"To sai kin kawo takardar likita tukuna," in ji shi. "Mu nan ba mu ga gawa ba, takarda muke gani. Ki je ɗakin kati na asibitin."

Ɗakin kati yana ƙarshen ginin asibitin, kusa da wurin wanki. Fayiloli sun cika kantoci har rufi, wasu a ɗaure da igiya a ƙasa. Wata dattijuwa ce ke kula da wurin, tabarau a rataye a wuyanta. Na faɗa mata sunan Auta. Ta duba a kwamfuta, babu. Ta duba a akwatin katuna, babu.

"Kin tabbata nan aka kawo ta?"

"Ɗakin mata. Gado na tara. Talatar makon jiya."

Ta jawo wani babban littafi mai baƙin bango, ta lashi yatsa ta buɗe. Ta bi layi da gindin biro har ta tsaya.

"Mutum ɗaya ce ta rasu a ɗakin mata ranar. Gado na tara, haka ne. Amma ba sunan da kika faɗa ba ne."

Ta juyo littafin ta turo min. Sunana ne a wurin, da sunan mahaifinmu, da shekarar haihuwata. A gaba an rubuta lokaci, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe.

Na zaro fasfo ɗina na ajiye kusa da layin. Ta sa tabarau, ta dubi fasfon, ta dubi littafin, ta dube ni.

"Ikon Allah," ta ce. "Baiwar Allah, ta'aziyya zan yi miki ko barka? Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, yau ne mamaciya ta fara zuwa karɓar takardarta da ƙafarta."

Ban yi dariya ba. Ita ma ta haɗiye tata.

"Da katinki aka kawo ta," ta ce a hankali. "Ba ku kuka fara ba. Gida guda, kati guda. Buɗe sabon fayil yini ne cur a layi, sai mutane su ɗauko na wanda ba ya nan. Muna hanawa, ba a ji. Ba a ganin illarsa sai rana irin ta yau."

Ta shiga tsakanin kantocin ta fito da fayil ɗin. Na san shi siriri, shafi biyu ko uku. Yanzu ya yi kauri har bangon ya tsage. Shafin farko nawa ne, karayar hannu, ina 'yar shekara goma sha huɗu. Daga shekarar da na tafi karatu, sauran duk na Auta ne. Zazzaɓi, ciwon haƙori, ƙunar ruwan zafi a ƙafa. Haihuwar Tsigi ce kawai babu, a wani asibiti aka yi ta. Sai takardun gwaji suka fara yawa. Na duba kwanan watan na farko. Shekara huɗu ke nan. Ni wata biyu na san da ciwon. A cikin shekarun nan muna waya kowace Lahadi, tana ba ni labarin maƙwabta.

"Yaya ake gyarawa?" na tambaya.

"Wanda ya sa hannu ranar da aka kwantar da ita, shi zai je kotu ya yi rantsuwa cewa ga wadda ya kawo. Ki kawo min takardar rantsuwar, in gyara littafi, likita ya rubuta miki taki." Ta buɗe shafin ƙarshe ta nuna min tambarin babban yatsa. "Wannan na wa?"

Na Inna ne.

A gida na tarar da Kawu, ƙanen Inna, wanda ya tuƙa su zuwa asibiti ranar. Na faɗa masa a ƙofar gida. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ke kin san yadda take numfashi a motar nan? Wa ke ta kati? Abin da ke cikin jakar aka miƙa."

"Shekara goma sha ɗaya ana miƙa shi, Kawu."

"To kati yana ajiye, mai shi tana can tana turanci. Ruɓewa zai yi? Bari ni in je in rantse musu, ai ina wurin."

"Ba yatsanka ba ne a takardar."

"Yatsa ai yatsa ne."

"Su ba su san haka ba."

Inna tana ɗaki tana ninke kayan wanki a kan gado. Da hannu take gane na wane ne. Na zauna a bakin gadon na yi mata bayani: kati, fayil, kotu, rantsuwa. Ban ambaci baƙin littafin ba. Ta saurara ba ta daina ninkewa ba.

"In ban dangwala ba fa?"

"Ba za a ba ni takardar ba."

"In ba a ba ki ba?"

"Tsigi ba za ta tafi ba."

"To," in ji Inna. Ta ɗauki wata 'yar riga ta kakkaɓe.

"Inna, Auta ce ta ce."

"Ta ce miki. Ni ba ta ce min ba. Ni ce na riƙe mata kai har ta cika, ba ta ce min komai ba." Ta ajiye rigar a kan sauran. "An ɗauke ki kina ƙarama, na ce karatu ne. An ɗauke waccan, na ce Mai ita ne ya karɓa. Wannan kuma ni za a kai in sa hannu da kaina a ɗauke ta? Ki nemi wata uwar."

Kwana biyar ban sake tayar da maganar ba. Na koma asibiti na nemi ganin shugaban sashen, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Na je wurin lauya, ya ce akwai wata hanya ta gaban alƙali, wata huɗu in an yi sa'a. Kwana goma suka rage min. A gida Inna tana yi min magana kamar baƙuwa, ga ruwa, ga abinci, sannu da dawowa. Tsigi tana bin ta duk inda ta sa ƙafa, ni kuma tana kallona daga bayan zanen kakarta.

A rana ta shida na sami Inna ita kaɗai da hantsi. Na san abin da nake yi lokacin da na buɗe baki.

"Shi ke nan, Inna. Zan koma ni kaɗai. Littafin ma sai a bar shi yadda yake."

"Wane littafi?"

"Na waɗanda suka rasu. Sunana ne a ciki. A wurin hukuma Auta tana da rai, ni ce na mutu ranar Talata."

Hannunta ya tsaya a kan kofin da take riƙe da shi.

"Rubutawa suka yi?"

"Da biro. Har da lokaci."

"Ki tofar da yawun bakinki."

"Ba ni na rubuta ba."

Ta ajiye kofin a inda babu tebur, ya faɗi ya fashe. Na kwashe.

Washegari na fito na same ta zaune a kujerar tsakar gida, ta yi shiri, jakarta a cinya.

"Kira kawunki ya kawo mota," ta ce. "Ɗaya aka karɓa min. Ban yarda a rubuta biyu ba."

A kotu, jami'in rantsuwa mutum ne mai sanƙo da murya ƙasa-ƙasa. Ya karanta abin da aka buga, sannan ya ce doka ta ce sai ya ji daga bakinta.

"Mama, 'ya'ya nawa gare ki?"

"Biyu."

"Wacce kika kai asibiti ranar?"

Tun da na iso ban ji Inna ta ambaci rasuwar da bakinta ba. Takan ce "tun da abin ya faru", ko "tun ranar nan". Jami'in ya jira, bai duba agogo ba.

"Ƙaramar," ta ce.

"Ita ce ta rasu?"

"Ita ce ta rasu." Ta laluba ta kama hannun rigata. "Wannan ga ta nan. Ka rubuta ga ta nan."

"An rubuta, Mama."

Ya kama babban yatsanta ya danna a tawada, ya danna a takarda.

Dattijuwar ɗakin kati ta karanta takardar sau biyu. Ta ɗauko rula da jan biro, ta ja layi ɗaya a kan sunana, yadda har yanzu ana iya karanta shi. Ta rubuta na Auta a sama da ƙananan haruffa, ta sa hannu a gefe. Likita ya cika tasa takardar a tsaye. Kafin a tashi aiki muna hawa na biyu, mai rajista ya buga hatimi ya miƙo min takardar. Shafi ɗaya ce, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗumin injin a jikinta.

Inna tana kan benci, kusa da wata mai jariri. Ta miƙo hannu, na ba ta. Ta shafa inda hatimin ya yi tudu.

"Karanta min."

Na karanta. Suna, shekaru, rana, wuri, dalili.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta mayar min. Ta shiga goge yatsanta da bakin zane, tawadar ba ta fita ba.

"Yaushe ne jirgin?"

"In sun ba da biza, Laraba ta sama."

"Kar ki gaya wa Tsigi. Ni zan gaya mata."

Sun ba da bizar. Inna ta jira har Litinin. Da rana ne, ina ɗaki ina haɗa akwati, su suna tsakar gida tana tsefe wa Tsigi kai. Ban ji yadda ta fara ba. Na dai ji Tsigi ta tambaya ko makarantar can tana da lilo.

"Tana da shi," in ji Inna. "Har biyu. Tsayar da kanki, kar in ja miki gashi."